Yadda ake haɗa ɗigon ruwa don sabunta ruwan akwatin kifi

Mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi ya san cewa kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama sinadarin amoniya, daga baya su koma sinadarin nitirat, wanda yake taruwa har ya raunana kifin. Maimakon a kwashe ruwa da bokiti duk mako, ana iya barin sabo yana ɗiga dare da rana, tsohon yana malala waje.

Da farko a samu tano mai tsabta mai murfi, a ɗora shi a kan abin da ya fi akwatin tsayi domin ruwa ya gangaro da kansa ko da babu wuta. A ajiye shi a inuwa, domin a watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yana wuce digiri 40. Ruwan pampo yana ɗauke da kulorin, maganin tsabtace ruwa mai ƙona gaɓar numfashin kifi, saboda haka a bar shi ya kwana kafin a buɗe masa hanya, ko kuma a bi da shi ta matatar gawayi.

Bayan haka a huda bangon akwatin kusa da baki, daidai inda ake son ruwa ya tsaya. Wannan aikin mai yankan gilashi ne, kuma ina roƙon kada a gwada shi a gida, domin gilashin da aka gasa tarwatsewa yake yi. A saka tiyo mai faɗi a ramin, a rufe bakinsa da raga don kada ƙananan kifaye su bi, sannan a kai ƙarshensa gindin zogale.

Daga tano a jawo siririn tiyo irin na ban ruwan lambu, a sa masa ƙaramin makunni, a rataye bakinsa sama da ruwa, nesa da ramin fita.

Awon ɗigon shi ne inda ya kamata a natsu. Akwatin lita 200 yana wadatuwa da lita 20 a yini, wato kwalbar lita 1 ta cika cikin awa 1 da minti 12. A tara kwalbar, a duba agogo, a gyara makunnin har lissafin ya yi daidai. Gudun ruwan yana raguwa idan tano ya yi ƙasa, don haka a riƙa sake awon, a kuma goge ragar duk mako, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa. Dattin da ya kwanta cikin tsakuwa kuwa ɗigo ba ya ɗauke shi, sai an zuƙe shi da tiyo.