Idan Lokotoro Ya Canza Wa Yaronku Maganin Ƙwaƙwalwa

Ranar da aka canza wa yaro magani, ko aka ƙara masa, ko aka rage, lokotoro zai gan shi ne na ɗan lokaci, sai kuma ranar komawa. Duk abin da zai faru tsakanin nan, idon uwa da uba ne zai gani. Ko a babban asibitin Tawa aka rubuta ordonansin, ko kun sauka Yamai an duba yaron a Pavillon E, sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, aikin gida iri ɗaya ne.

Tun ba ku tashi daga gaban lokotoro ba

Ku tambaye shi abu huɗu, ya rubuta muku a karne: sunan sabon magani, miligram nawa kuma sau nawa a rana, yadda za a yi da tsohon, da kuma kwana nawa kafin a ga amfaninsa. Maganar tsohon ita ce aka fi mantawa. Wani ana tsayar da shi nan take, wani ana janye shi kaɗan kaɗan cikin makonni yayin da sabon ke hawa.

Magani ɗaya yakan zo da suna biyu. Haldol shi ne halopéridol, Largactil shi ne chlorpromazine, Tégrétol carbamazépine, Gardénal phénobarbital. Uba ya sayo kwali mai wani suna, uwa tana da saura mai ɗaya sunan, sai a haɗa wa yaro biyun ana zaton magani biyu ne. Haka kuma "rabin ƙwaya" ba awo ba ne: Haldol akwai mai miligram 1, akwai mai 5. Ku karanta lambar da ke jikin kwali duk lokacin da kuka sayo, a can farmasi kafin ku fito.

Ku buɗe kaye

Kaye ɗaya, mutum ɗaya mai ba da magani. A gidan da ke da mutane da yawa, idan kowa yana iya bayarwa, wata rana za a ba yaro sau biyu, wata rana ba a ba shi ba. Kowace rana a rubuta lokacin da ya sha, barcinsa, cin abincinsa, da duk wani sabon abu. A auna nauyinsa ranar farko, sannan duk wata. Abin da ke zuwa ya wuce, kamar rawar hannu ko juyewar ido, a ɗauke shi bidiyo a salula, ya fi dogon bayani. Maganin kuma a kulle shi, kada ya zauna a hannun yaron.

Makon farko

Yawan barci, bushewar baki, jiri idan ya miƙe da sauri: waɗannan sukan ragu bayan kwanaki. A koya masa ya zauna bakin katifa tukuna kafin ya tashi tsaye.

Akwai wata illa da ke firgita iyaye ƙwarai. Cikin kwana biyar na farko bayan an fara Haldol ko ire-irensa, ko an ƙara yawansa, wuyan yaro yana iya karkacewa gefe, idanu su kafe sama, harshe ya fito ko muƙamuƙi ya ƙage. Yaron yana cikin hayyacinsa, yana jin ku, yana jin zafi. Nan ne maƙwabta ke cewa iskoki sun tashi, a kawo hayaƙi. Maganin ne ya ɗaure tsokar jiki, kuma samari matasa ya fi kamawa. A kai shi asibiti a ranar. Akwai allura da ƙwaya irin su Artane da ke sakin jikin cikin ɗan lokaci. Idan numfashi ko haɗiya ya yi wuya, ba a jira ko minti.

Wani kuma sai ya kasa zama wuri ɗaya, yana kai da kawo, ƙafafu ba hutu. Iyaye su ɗauka ciwon ne ya ƙaru, su ƙara ƙwaya, alhali ƙwayar ce ta jawo. Ku faɗa wa lokotoro, sau da yawa ragewa ake yi.

Abu uku da ba a kwana da su

Zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, zufa da ruɗewa, ga yaron da ke shan Haldol, Largactil ko rispéridone. Da damina kowa zai ce masassarar sauro ce. Mai yiwuwa ita ce, amma yana iya zama illar maganin, wadda ke kisa idan an yi jinkiri. Kada a ba shi ƙwaya ta gaba. A tafi asibiti da kwalayen a hannu, a nuna su tun kafin a tambaya. Ko da gwaji ya nuna masassarar sauron ce, nuna kwalin yana da amfani, don Tégrétol yana rage ƙarfin Coartem, maganin masassarar sauro.

Ƙuraje a fata, musamman da gyambo a baki ko jan ido, cikin wata biyu na farkon Tégrétol ko Gardénal. Ba ƙyanda ba ce har sai lokotoro ya ce ita ce.

Na uku, maganar mutuwa. Maganin baƙin ciki irin fluoxétine yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma a makonnin farko wasu matasa tunanin kashe kai yakan ƙaru musu. Ku tambayi yaron kai tsaye, cikin taushi. Tambayar ba ta saka masa tunanin. Idan ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna, igiya da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, a tafi asibiti.

Zafin Tawa da kiba

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, Artane da Largactil suna rage zufa, jiki ya kasa huce kansa. Ruwa a kai a kai, zama a inuwa da tsakar rana, kuma kada a aiki yaron kasuwa ko gona a wannan lokaci. Largactil yana sa rana ta ƙona fata, don haka riga mai dogon hannu da malfa.

Rispéridone da olanzapine suna buɗe ciki. Dangi za su yi murna yaro ya murmure, amma kibar da ke hawa da sauri tana iya jawo ciwon suga. A rage lemun kwalba, fanke da shayi mai yawan sukari, a nemi gwajin jini. Ga ƴan mata, rispéridone yana iya tsayar da al'ada ko ya kawo ruwan nono. Ba ciki ba ne dole, kada a tuhumi yarinya. Wadda ake shirin aurarwa kuma tana shan Dépakine, a sanar da lokotoro tun kafin biki, domin maganin yana iya nakasa jariri a ciki.

Kada a yanke magani kwatsam

Yaro ya samu sauƙi, kuɗi sun yi ƙaranci, sai a daina. Ciwon yakan dawo, kuma yanke Gardénal, Tégrétol ko Valium a rana ɗaya yana iya tayar da farfaɗiya. Ku sayo sabo tun saura na mako guda. Idan babu shi a farmasi, ku koma wa lokotoro ya ba da madadinsa. Na masu talla a tire ya sha rana, ba a san abin da ke cikinsa ba.

An manta ba a ba shi ba? A bayar da zarar an tuna, sai dai idan lokacin na gaba ya kusa, to a tsallake. Ba a ninkawa. Addu'a da rubutu ba su hana shan magani, amma jiƙo da saƙe-saƙi a gaya wa lokotoro sunansu. Azumi kuwa, a tambaye shi tun watan Sha'aban ko za a iya mayar da shan maganin zuwa sahur da buɗa baki, ko kuwa yaron ya dakata bana.