Yadda za ka kai iyalinka Salaga daga Kumasi da motarka

Duk wanda zai ɗauki iyali daga Kumasi zuwa Salaga, abin da zai fara tambaya shi ne lokacin da pantun, wato jirgin da ke haye Tafkin Volta da motoci, yake tashi daga Yeji. A kansa ake ɗora sauran shirin. A Salaga aka haife ni, a unguwar Aboabo ta Kumasi nake zaune, 'ya'yana kuwa duk haihuwar Kumasi ne, don haka hanyar nan ba baƙuwata ba ce. Lokacin tashin jirgin yana canzawa, wani sa'in ma ya lalace ya tsaya. Ka samu wani naka a Yeji ka kira shi ana gobe tafiya, ka sake kiransa in kun kai Atebubu.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ta bi Mampong, Ejura, Amantin, Atebubu, Prang, ta dire bakin ruwa a Yeji, tafiyar da ta haura kilomita 200. Daga nan a haye zuwa Makango, sai ɗan abin da ya rage zuwa Salaga. Ta biyu ta Techiman da Kintampo da Buipe ce har Tamale, sannan ka juyo kudu. Ba ruwanka da jiran jirgi, amma zagaye ne mai cin mai da cin yini. Ni ta Yeji nake bi, sai fa in an ce pantun ba ya aiki. Ita ce tsohuwar hanyar arewa, wadda iyayenmu suka sani tun kafin a gama dam ɗin Akosombo a 1965 ruwa ya cika ya zama tafki, manyan motoci suka koma bin Kintampo. Ina son yarana su bi inda kakanninsu suka bi.

Mota kuwa, ka kai ta wurin fitanka, wato makanikenka, a Magazin na Suame, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, tun da sauran mako guda, don in ya canza wani abu ka samu damar gwada ta a cikin gari. Birki ne kan gaba, saboda hawan dutsen da ke tsakanin Jamasi da Mampong kwana ne a kan kwana, kuma saukowarsa a dawowa da kaya ta fi hawansa wuya. A duba tayoyi har da safaya, da jak, da ruwan lagireto. Lasisi, inshora da takardar lafiyar mota ta DVLA, hukumar lasisin tuƙi da motoci, su kasance a hannu, haka tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, don akwai shingayen 'yan sanda. Ka cika tanki a Kumasi, ka ƙara a Atebubu. Ka riƙe 'yan sidi a aljihu, ba ko'ina MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ke tafiya ba in sabis ya ɗauke.

A yi sammako. Ku yi sallar asuba, yara su sha koko da ƙosai, ku bar Tafo da Pankrono kafin cunkoso ya tashi. In da dattijo a cikinku, kujerar gaba tasa ce, kuma ka tsaya masa a Ejura ya miƙe ƙafa ko bai nema ba, don tsofaffinmu ba sa faɗa. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, amma wanda ya yi niyyar kwana huɗu a Salaga zai cika sallarsa da isarsa. A Prang ka ɗan rage gudu ka gaya wa yara cewa nan ne garin Shehu Abdullahi Maikano, inda ake babban Mauludi duk shekara. In tafiyarka ta faɗo lokacin, ka san hanya za ta cika maƙil.

Bakin ruwan Yeji wurin haƙuri ne. Ka sa motarka a layi da zarar ka iso, ka biya kuɗin mota da na mutane, sannan ku nemi inuwa. Za a zo a ce maka ga kwalekwale mai inji zai tashi yanzu, iyali su riga ka hayewa. Don Allah kada ka yarda. A ƙarƙashin ruwan nan akwai kututturan itatuwan da tafki ya shanye, kwalekwalen kuma akan yi musu lodi fiye da kima, an sha rasa rayuka a haka. Ku jira pantun ku hau tare. In an shiga, a ja birkin hannu, kowa ya fito daga mota, ka riƙe hannun ƙaramin ɗanka har a sauka. Yaron da ya tashi a Aboabo bai taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba, zai so leƙawa.

Tsaraba tun a Kumasi ake haɗa ta: burodi, sabulu, sukari, turmin atamfa ga goggonni, da goro mai kyau ga dattawa. A gida za ka ɗaure kowane ƙunshi ka rubuta suna, don in ka bari sai a tsakar gida ana kallonka, za ka manta da wani, kuma shi ba zai manta ba. Goron ma dama ce ta ba yara labari: daga dazukan Asante ake kawo shi kasuwar Salaga, fataken Kano da Katsina su yi watanni a hanya su zo Gwanja su saya da jakunansu. Ta haka Hausa ta zauna a garin, kuma bayan yaƙin basasar 1892 mutanensa suka watsu, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji da Kumasi.

Da kun isa, kada ka sauke kaya ka kwanta. Gaisuwa tana da jerinta, kuma a nan ne 'yan birni suke ɓata rawarsu da tsalle. Babban gida tukuna, wurin wanda ya fi kowa shekaru, sannan dangin uwa, sannan limamin unguwa da maƙwabtan da suka goya ka. Gidan da aka yi rasuwa ba ka zo ba, shi ne gaba da duk wani yawo. Tun a mota ka koya wa yara: a cire takalmi, a durƙusa, a ce "Kaka, mun same ku lafiya?", a jira amsa, waya kuma ta zauna a aljihu. Ka faɗa musu wace ce Goggo, wane ne Kawu, da yadda kuka haɗa jini, don kada su tsaya suna kiran kowa anti. In tsohuwa ta kama hannun 'yarka ta ce "wannan ai Inna ce ta dawo", ka bar su su zauna, kada ka duba agogo.

Washegari da safe ka kai su maƙabarta su yi wa kakanni addu'a. Daga nan ka zaga da su a ƙafa: makarantar allon da ka yi, tsofaffin rijiyoyin da garin ya yi suna da su, da Kpembe inda sarkin Gwanja na yankin yake. Ka kai su wurin tsohuwar kasuwar bayi, ka gaya musu gaskiya cewa an sayar da mutane a nan, kada ka tsallake wannan. In da rani ne, ku yi tattalin ruwan gidan da kuka sauka, don wani ne ya ɗebo shi da wahala, ku kuma taho da na shanku da gidan sauro.

Ranar komawa, sallama ma zagaye ce, don haka a yi ta tun ana gobe tafiya da dare. Za a haɗa maka doya, man kaɗe, daddawa, wataƙila har da zabi. Ka karɓa da godiya, amma ka bar wuri a but don busasshen kifin Yeji, kuma ka tuna da gangaren Mampong kafin ka danne mota da kaya. Ku bar Salaga da duku-duku don ku sami jirgin farko a Makango.