Wane baƙin mai ya dace da tsohon babur?

Yawancin waɗanda suka mallaki tsohon babur, da zancen juyen mai ya taso sai su tambayi sunan kamfani: wanne ya fi kyau? Sunan da ke jikin galan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Ƙirar injin ce ke zaɓar wa kanta mai, kuma abu uku ake bincika: ko kulocin yana jiƙe cikin man injin, da wace irin matata ke tace man, da kuma irin boris ɗin da karanshaf ke juyawa a kai. In ka san waɗannan, sauran mai sauƙi ne.

Lambobin da ke jikin galan

Ɗauki 20W-50. Lamba ta farko mai W tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, lokacin da za ka buga inji da safe. Ta biyu kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100. Akwai kuma mai lamba ɗaya, SAE 30, 40 ko 50, wanda shi aka sani kafin mai lamba biyu ya bazu a shekarun 1950. Mai lamba biyu asalinsa siririn mai ne da aka zuba wa sinadari mai kama da dogayen zare, shi ke hana shi tsinkewa in ya ɗau zafi. Haƙoran giya suna datse zaren nan sannu a hankali, shi ya sa man da ya shiga da kaurin 50 yakan fito bai kai haka ba.

Injin da iska ke sanyayawa yana dafa mai fiye da na mota. A cunkoso ko doguwar hawa, man kan wuce digiri 120, ga shi tazarar da ke tsakanin sassan tsohon inji ta fi ta sabo faɗi. Don haka 0W-20 da 5W-30 na motocin yanzu ba nasa ba ne, ko kusa.

Sai dai kauri ma yana da nasa sharrin. A baburan Honda irin su CB360 da CB400F, kam, wato sandar da ke buɗe bawul, yana juyawa ne kai tsaye cikin alminiyon na kan silinda, man kuma yana hawa can ta siraran hanyoyi. Ka zuba SAE 50 ka tada shi da sanyin asuba, kam zai yi ta gudu a bushe kafin man ya iso, kuma in wurin ya ci, kan silindar ne gaba ɗaya ya tafi. Honda 10W-40 ta rubuta wa baburanta na shekarun 1970. Inda zafin gari ya tsananta ana iya hawa zuwa 20W-50, amma a tsaya nan. Manyan baburan Ingila na ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1970, irin su Triumph Bonneville da Norton Commando, da kuma BMW daga jerin /5 na 1969 zuwa gaba, 20W-50 ne abincinsu.

Kuloci

A kusan duk baburan Japan masu bugu huɗu, mai ɗaya ne ke hidimar inji da giya da kuloci. Nan ne man mota ke yin ta'adi. An zuba masa sinadaran ƙara santsi don mota ta rage shan fetur, su kuwa faifan kuloci kamu suke so, ba santsi ba. Alamar ba ta ɓuya: ka sa giya ta sama, ka murɗa totur, ƙarar inji ta tashi amma gudun babur bai ƙaru ba. Duk galan ɗin da ka ga an rubuta “Energy Conserving” ko “Resource Conserving” a zagayen tambarin API, wato ma'aunin ingancin mai na Amurka, mayar da shi inda ka ɗauko.

Abin nema shi ne tambarin JASO MA ko MA2. Japan ta fito da wannan ma'auni a 1998 saboda wannan matsala takamaimai, aka ƙara MA1 da MA2 a 2006. JASO MB na baburan da kulocinsu ba ya taɓa mai ne, kada ka ruɗe da kamannin sunan. In kuskuren ya riga ya faru, juye man, ka zuba na daidai, ka yi tafiya kaɗan ka sake juyewa. Bai daina zamewa ba? Faifan sun sha sun ƙoshi, sai sabbi.

BMW masu silinda biyu a kwance da Moto Guzzi busasshen kuloci gare su kamar na mota, wannan damuwa ba ta shafe su ba.

Zink

Tsohon inji yana da wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe da matsi mai tsanani, musamman inda hancin kam ke danna abin ɗaga bawul. Abin da ke kare wurin shi ne sinadarin ZDDP, mai ɗauke da zink da fosfaras, wanda zafi da matsi ke sa shi ya shimfiɗa wani siririn rufi a fuskar ƙarfen. Fosfaras yana kashe na'urar tace hayaƙi ta cikin salansar mota, don haka aka yi ta rage shi. Daga ajin API SM na 2004, siraran man mota irin su 5W-30 da 10W-30 ba sa wuce kashi 800 cikin miliyan. Tsohon babur ya fi samun kariya da kashi 1,000 zuwa 1,200, kwatankwacin abin da man ajin SG na 1989 ke ɗauke da shi. Wancan ƙayyadewa bai hau kan 20W-50 ba, kuma man babur mai JASO MA yakan zo da fosfaras tsakanin 800 da 1,200. Kamfanoni suna wallafa takardar bayanin kowane mai a intanet, adadin yana ciki. Mu dai ba ma goyon bayan sayen kwalbar zink daban a tsiyaya cikin mai. An auna sinadaran mai ne su daidaita da juna, in ZDDP ya yi yawa shi ma yana cin ƙarfe.

Matata, inda aka fi kashe inji

Man zamani yana da sinadarin wanki. Aikinsa ya ɗauki dauɗa ya riƙe ta tana yawo cikin man har matatar takarda ta kama ta. Baburan da aka ƙera kafin shekarun 1970 kuwa, da yawansu ba su da matatar takarda sam. Raga ce kawai mai tare manyan ɓarɓashi, sauran dauɗar ana barinta ta kwanta. Triumph da BSA masu silinda biyu suna da wani bututu a cikin karanshaf ɗin kansa, juyawa ke wurga dauɗar ciki ta daskare. BMW R50, R60 da R69S suna da faranti biyu masu lanƙwasasshen baki a gefen karanshaf da ke yin wannan aiki. In an buɗe wanda ya shekara talatin ba a taɓa ba, za a ga abin ya yi tauri kamar busasshiyar laka, toka-toka, sai an sa abu mai tsini an ƙwaƙule. Ranar da ya cika maƙil, mai ya daina isa ƙafar fistan, injin ya kama.

To, babur ya zo hannunka ba ka san tarihinsa ba, ka leƙa tankin baƙin mai da fitila ka ga baƙar laka kwance a ƙasa. Kada ka zuba masa mai mai ƙarfin wanki, kada kuma ka zuba maganin wanke inji da ake sayarwa a gwangwani. Abin da ya kwanta zai iya tashi ya toshe hanyar mai. Ka cire tankin da bututansa ka wanke da kananzir har ya fito fes, ka wanke ragar, ka zuba mai lamba ɗaya mai ƙarancin wanki, irin wanda ake yi musamman don tsofaffin injina: SAE 30 a lokacin sanyi, 40 ko 50 a lokacin zafi, gwargwadon littafin babur. Wannan lallaɓawa ce kawai. Maganin gaskiya shi ne a buɗe injin a share ma'ajiyar dauɗar. Bayan nan a ɗaura matatar takarda a kan bututun da ke mayar da mai tanki, aikin sa'a ɗaya ko biyu ne a yawancin baburan Ingila, daga nan 20W-50 mai wanki ya zama alheri.

Ƙananan Honda, irin su CG125 da Cub, raga gare su da wani ƙoƙo mai juyawa a ƙarshen karanshaf. Waɗannan an yi su ne don mai mai wanki, amma ƙoƙon yana son a buɗe a goge shi lokaci-lokaci, abin da mutane da yawa ba su ma san yana wurin ba.

Boris

Injin da karanshaf ɗinsa ke kan boris na lallausan faranti yana rayuwa ne da matsin mai, mai lamba biyu ya dace da shi. Wanda ke kan boris mai ƙwallaye ko mai gungura, kamar tsofaffin Harley-Davidson, Vincent, Velocette da yawancin masu silinda ɗaya na Ingila, matsi kaɗan yake buƙata, amma yana tauna zaren mai lamba biyu da sauri. Shi ya sa masu gyaran irin waɗannan suka fi natsuwa da SAE 40 ko 50 tsantsa. Sharaɗinsa a bar inji ya ɗumama kafin a matsa masa.

Batun man sintetik a taƙaice: ya fi jure zafi, kuma ba ya kashe inji. Sai dai yana wanke dattin da ya toshe tsofaffin sil da gaskit, yoyo ya bayyana. Kada a yi amfani da shi a injin da aka sa wa sabbin ringi sai sun zauna, wajen kilomita 1,500. Tunda kuma tsohon inji yana ɓata mai da hayaƙi da fetur tun kafin man ya gaji, man minaral mai kyau da ake juyewa a kai a kai ya wadatar.

Gidan giya da gidan sarƙa

Inda gidan giya yake daban, nasa man daban. Lambar 90 kada ta tsorata ka, ma'aunin man giya daban ne, kaurinsa bai fi na man inji 40 ko 50 ba. Tsofaffin giyoyin Ingila suna da bushin na tagulla, wasu man giya na ajin GL-5 kuma suna da sinadarin farar wuta da ke cin tagulla in ya yi zafi, don haka GL-4 ya fi aminci. BMW kuwa GL-5 ta rubuta wa baburanta na bayan 1969. Gidan sarƙar farko, wadda ke haɗa inji da gidan giya, inda kuloci yake, siririn mai yake so kamar SAE 20. Ka zuba mai kauri, faifan su manne, giyar farko ta shiga da ƙara. Triumph daga 1970 ta haɗa wannan gida da numfashin injin, man inji ne ke shiga, saboda haka nan ma a nemi JASO MA.

Masu bugu biyu

Man 2T kaɗai, mai tambarin JASO FB, FC ko FD, ko API TC. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin kwalekwale ne da ruwa ke sanyayawa, bai dace da zafin babur ba. In haɗawa ake yi da fetur, a auna da ma'auni: 20:1 mililita 50 ne a kowace lita, 25:1 mililita 40, 50:1 mililita 20. Bi abin da kamfanin ya rubuta. Ƙara mai “don kariya” yana rage fetur ɗin da ke ratsa jet ɗin kafireto, injin ya ƙara zafi, filogi ya yi baƙi, salansa ta toshe. Baburan da ke da famfon kansu, kamar Autolube na Yamaha, a tabbatar an fitar da iska daga bututun kuma alamar famfon ta yi daidai da totur. A Suzuki masu tsarin CCI, famfon yana kai mai kai tsaye zuwa boris ɗin karanshaf, wanda ya cire shi ya koma haɗawa a tanki ya bar boris da ƙishi. Man zurma na tsere, mai ƙamshin nan, ba ya haɗuwa da man minaral, dunƙulewa suke yi su zama danƙo.

Yadda ake juyewa da abin dubawa

Ka yi tafiyar minti goma man ya yi ɗumi, ka kafa babur a tsaye daidai, ka kwance notin ƙasa cikin faranti mai tsabta. In babur mai tankin baƙin mai daban ne, wuri biyu ake juyewa, tankin da ƙasan injin. Karkata farantin a rana ka duba. Ɗan baƙin gari mai laushi a kan maganaɗisun noti ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai kaifi da kake ji tsakanin yatsu, ko ƙyalli launin zinariya, boris ko bushin ne ke ci. Man da ya yi fari-fari kamar madara ruwa ya shiga, galibi daga gajerun tafiye-tafiye da ba sa barin inji ya yi zafi. Wanda ya tsinke yana warin fetur, allurar kafireto ce ke yoyo, a gyara ta kafin a zuba sabo, a kuma riƙa rufe makunnin fetur in an ajiye.

Sa sabuwar washa, ka ɗaure notin da hankali, don zaren alminiyon ba ya jure ƙarfi. A Honda ana ɗora ma'aunin mai ne a baki ba tare da an murɗa shi ciki ba. A mai tanki daban, in babur ya daɗe a ajiye man kan sulale ya taru a ƙasan inji, tankin ya nuna kamar babu. Kada ka cika a lokacin. Tada shi, ka buɗe murfin tankin ka ga man yana dawowa yana tsartuwa, ka ba shi minti uku zuwa biyar, sannan ka auna. In minti ɗaya ya wuce ba ka ga komai yana dawowa ba, kashe injin nan take.

Injin da ba shi da matatar takarda a juye masa duk kilomita 1,500, mai matata duk 3,000. Ƙananan da ke ɗaukar lita ɗaya ko ƙasa da haka su ma a bi su da 1,500. Wanda ba ya yawan fita a juye masa sau ɗaya a shekara, kuma kafin a ajiye shi ne ake juyewa, don tsohon mai yana ɗauke da ruwa da tsami da ke cin boris yana zaune wuri ɗaya.