Yadda za ka ajiye mota a Balad ta Jidda ba tare da janwe ta ɗauke ta ba

Duk direban da aka kawo Jidda aiki, na gida ne ko na kamfani, ba zai daɗe ba za a aike shi Balad, wato tsohon garin Jidda. Kasuwar tana can: abaya da jallabiya da barguna a wajejen Bab Sharif, dabino da kayan yaji a Bab Makka, turare da yadi a Suƙul Alawi. Ni aikina kwasar kayan 'yan kasuwarmu ne daga shaguna zuwa ofishin kago, inda ake aunawa a tura Kano da Yamai, saboda haka rabin rayuwata a bakin waɗannan tituna take. Wannan rubutu na sabon zuwa ne, da kuma 'yan'uwanmu mata da suka fara tuƙi tun da aka ba su dama a watan Yunin 2018.

Tun kafin ka tayar da mota, ka yanke inda za ka bar ta. Cikin tsohon garin ba na mota ba ne. Tun 2014 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, lungunansa na ƙafa ne, sai 'yan ƙananan motocin lantarki masu ɗaukar tsofaffi da baƙi. Kowa a gefe yake ajiyewa ya taka, kuma gefen nan shi ne ake kokawa a kansa. In ɗaukar kaya za ka yi, ka je da hantsi, ka gama kafin azahar. Bayan la'asar gari ya fara cika, bayan isha'i kuwa, musamman daren Alhamis da na Juma'a, sai ka zagaya sau uku ba ka ga gurbi ba. Da azumi abin ya wuce misali har zuwa sahur, haka ma bayan saukowa daga Arfa lokacin da alhazai ke sayen tsaraba. In ka san za ka wuce awa biyu, kada ka ɓata lokaci a bakin titi. Shiga fili ko benen ajiye motoci mai shinge, ka karɓi tikiti a ƙofa, ka biya in za ka fita. A can ba wanda zai bi ka da agogo.

In a bakin titi ka samu wuri, kada ka kulle mota ka wuce sai ka ɗaga kai ka nemi allo. Allon ne zai gaya maka ko wurin na kuɗi ne, daga ƙarfe nawa zuwa nawa ake biya, da lambar shiyyar da kake ciki. Lokutan ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma sukan canza da azumi, don haka kada ka dogara da abin da wani ya faɗa maka bara. Kuɗin bai kai riyal huɗu a awa ba. Asalinsa riyal 3 ne, harajin VAT na kashi 15 cikin 100 da aka fara a Yulin 2020 ya hau kai ya zama 3.45. In kana son ka auna shi, litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, wato awa ɗaya kusan lita ɗaya da rabi ke nan, wadda ko a zagayen neman wurin kyauta da na'urar sanyi a kunne za ka ƙone wani abu daga cikinta.

Biyan iri biyu ne: na'urar da ke tsaye a gefen titi, ko manhajar waya wadda sunanta ke jikin allon. Ni manhaja na fi so, domin kana cikin shago Hajiya tana ta ciniki, sai ka ƙara rabin awa ba tare da ka fito ba. Amma tana bukatar lambar waya ta Saudiyya da katin Mada, wato katin cirar kuɗi na bankunan Saudiyya, ko wani katin banki mai kuɗi a ciki. Ka saukar da ita a ɗaki, ka yi rajista, ka shigar da motarka tun da dare. Tsakar rana a bakin titi, ana yi maka hon ta baya, ba lokacin jiran saƙon tabbatarwa ba ne.

Wurin shigar da lambar mota ne sababbi suka fi faɗawa rami. Lambar Saudiyya haruffa uku ne da alƙaluma, an rubuta su da Larabci a sama, da boko a ƙasa, kuma bokon ba koyaushe yake bin lafazin Larabcin ba. Harafin mim ana sa masa Z, sad ana sa masa X, ya'un V, ainun E, ƙaf G, ha ƙarami (ح) kuma J. Wanda ya yi allo a gida zai karanta mim ya danna M da ƙarfin zuciya, ko ya jera haruffan daga dama alhali na'ura daga hagu take so. Kuɗi ya fita, amma motar da ke tsaye ba a biya mata ba, kuma ma'aikacin da ke bin layi lambar kawai yake dubawa. Durƙusa gaban motar, ka kwafi layin ƙasa yadda yake, harafi bayan harafi, ko ka buɗe istimara, wato takardar rajistar mota, ka gwada. Minti ɗaya ne.

In na'ura ta ba ka takarda, ɗora ta a kan dashbod ta ɓangaren da za a gani daga waje, ka danne ta da wani abu don iskar rufe ƙofa takan kifar da ita. Ka ɗauki hotonta tare da lambar motar. Irin takardar nan zafi yana baƙanta ta, kuma ranar Jidda a watan Yuli ba ta wasa. Da yamma sai ka tarar rubutun ya narke cikin baƙi, hoton nan shi ne shaidarka. Tunda zancen zafi ya zo, kada ka bar kwalaben turare ko man shafawa na mutane a mota a rufe, balle yaro, ko da na minti biyar ne.

Za ka ga gurabe a gaban wasu shaguna an dasa musu kujera, ko katan, ko tsohuwar taya. Titi ba na mai shago ba ne, kuma baladiyya, wato hukumar birni, tana hukunta wannan. Lambar ƙorafinta 940. Amma kai baƙo ne, kada ka sauka ka ture kujerar mutum. Yi sallama, ka ce kaya za ka ɗauka minti goma. Yawanci za a janye maka.

Kan kujerar nan muka taɓa doguwar magana da wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, mai shagon barguna, wanda muke kira Baba Alhaji. Shi gani yake kuɗin fakin ne ya kashe musu kasuwa.

"Ɗana," ya ce, "mace ta zo sayen bargon riyal 40, a ce ta biya kuɗin tsayuwa, ta makara kaɗan a rubuta mata tara. Gobe mol, babban kantin zamani, za ta tafi, can fakin kyauta ne ga sanyi."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, to lokacin da yake kyauta, motocin wa ke kwana a nan?"

Ya yi shiru, domin ya san amsar. Motocin masu shago ne da na yaransu, tun safe har rufe kasuwa, da wasu da ƙura ta lulluɓe, tayoyi sun sace, masu su sun yi tafiya. Matar da yake tausayi ba ta samun wuri ko kaɗan a wancan lokaci. Sai ta tsaya a layi na biyu ta toshe hanya, ko mijinta ya yi ta zagaye da yara a baya. Ra'ayina ke nan kuma ba na ɓoye shi: a tsakiyar gari, inda motoci suka fi gurabe yawa, daidai ne hukumar birni ta karɓi kuɗi. Gurbin bakin titi kamar rijiyar unguwa yake, ka ɗiba ka matsa na baya ya ɗiba. Gurbi ɗaya da yaron shago zai riƙe awa goma zai iya sauke masu saye goma. Riyal uku ba ya korar wanda ya zo kashe ɗari biyar, wanda ya zo kwana yake kora.

Sai dai Baba Alhaji bai yi kuskure duka ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya tsaya karɓar saƙo ko sayen burodi bai kamata ya biya komai ba. A Riyad, da aka fara tsarin Riyadh Parking a watan Agustan 2024 a unguwanni irin su Wurud da Sulaimaniyya da Muruj, an bar minti 15 na farko kyauta, aka kuma ware titunan cikin unguwa ga mazauna da izini, don kada masu gudun biya su kwararo ƙofar gidajen mutane. Wannan tunani ne mai kyau, ya kamata ya zama ko'ina. Ya kamata kuma a bar hanyar biya da tsabar kuɗi, domin akwai tsoho da bai iya manhaja ba, akwai sabon ma'aikaci da iƙamarsa, wato katin izinin zama, ba ta fito ba balle katin banki. Masu lodi irina a ware mana gurbin sauke kaya na ɗan lokaci da safe. Janwe kuma a ajiye ta don wanda ya toshe hanya, ba don wanda ya makara minti goma a layin biyan kuɗi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a ga inda kuɗin ke tafiya. A tsohon garin Pasadena na Amurka, da aka kafa mitocin fakin a 1993, 'yan kasuwa sun yarda ne bayan an yi musu alkawarin kashe kuɗin a titunansu, kan fitilu da shara da gyaran hanyar ƙafa, kuma kasuwar ta farfaɗo. A Ingila dokar zirga-zirga ta 1984 ta ƙayyade abin da ƙaramar hukuma za ta yi da rarar kuɗin fakin, kamar gyaran hanya da sufurin jama'a, har a 2013 kotu ta ce ƙaramar hukumar Barnet ta Landan ta saɓa doka da ta tsauwala kuɗin izinin mazauna don neman kuɗin shiga. In mai shago a Bab Sharif ya ga inuwa da fitila da bas mai zuwa a kan lokaci, da kansa zai ɗauke kujerarsa. Riyad ta samu jirgin cikin gari tun Disambar 2024, layi shida, riyal 4 na awa biyu, saboda haka mutumin can yana da zaɓi. Jidda har yanzu garin mota ne, shi ya sa sauƙin farashin yake da muhimmanci a nan.

Mu koma bakin titi. Tara iri biyu ce, kada ka haɗa su. Akwai ta masu kula da fakin, ta rashin biya ko wuce lokaci, wadda a wurinsu ko a manhajarsu ake biya. Akwai kuma ta murur, wato 'yan sandan hanya, wadda za ta zo maka ta saƙon waya ta bayyana a Absher, manhajar gwamnati. Tsayuwa inda ba a ware ba riyal 100 zuwa 150 ne. Gurbin naƙasassu mai shuɗin fenti riyal 500 zuwa 900, kuma ko ba tara bai dace ba. Kada ka hau hanyar masu ƙafa, kada ka tsaya a kwana, ko bakin famfon kashe gobara, ko ƙofar gareji. Ranar Juma'a kusa da masallaci za ka ga an yi layi biyu har uku. Ganin wasu sun yi ba zai kare ka ba. In kana ganin an zalunce ka, kana da kwana 30 ka shigar da ƙorafi ta Absher. In ka san da gaskiyarsu, biya da wuri, tun Afrilun 2024 akwai rangwamen kashi 25 cikin 100 ga mai saurin biya. Tarar da aka bari tana jiranka ranar sabunta lasisi ko istimara, ko ranar da za ka bar ƙasar.

In ka fito ba ka ga motar ba, kada hankalinka ya tashi ka ce sata ce. Galibi janwe ce. Tambayi mai shagon da ke kallon wurin, shi ya ga komai. Kira lambar da ke jikin allon, ko 911 in kana zaton murur ne, ka faɗi lambar mota a gaya maka filin da aka kai ta. Tafi da iƙama da lasisi da istimara da katin biya, kuma ka je a ranar, don wasu filayen suna lissafa kwana. Kafin ka sa hannu, zagaya motar ka duba bamba da ƙasan gaba, ka ɗauki hoto.

Direban gida da na kamfani, ku zauna da kafili, wato wanda ya kawo ku aiki, tun ranar farko a kan wa zai biya fakin, wa zai biya tara. In an yi maka tafwid, wato an rubuta ka a matsayin mai tuƙa motar, laifin hanya da sunanka zai fito. Ka nemi a sa katin maigida a manhajar, ko ka tara rasidai ka miƙa ƙarshen wata. Kuma in uwargida ta ce tsaya nan yanzu zan fito, alhali wurin haramtacce ne, ka ce da ladabi za ka zagayo, ta kira ka in ta gama.

Ranar da aka ce ka kai iyali Umra da azumi, kada ka nufi Harami da mota. Akan tsayar da ƙananan motoci a manyan filaye, kamar na Shumaisi a hanyar Jidda, ko Kudai da Rusaifa a cikin Makka, daga nan bas ke kai mutane. Ka lura da lambar layin da ka ajiye, ka ɗauki hoton alamar da ta fi kusa, ka tura wa wani daga cikin waɗanda ka kawo, don bayan tarawihi wayarka na iya mutuwa kuma fararen motoci dubbai ne a filin.