Yadda za ka hau jirgi da karenka, ko ka shigo da wani daga waje

Masu tambayata kan fita da kare waje, abu na farko lokaci ne, wallahi ba aikin sati biyu ba ne. In Ingila ko ƙasashen Tarayyar Turai za ka, ka faro aƙalla wata huɗu kafin tafiya. Ka je wajen likitan dabbobi, nan Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a fara sa ma karen maikurocif, 'yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, mai lamba 15. Bayan nan ne za a yi mishi allurar haukan kare. Kar ka juya tsarin nan don Allah, in allura ta riga cif to sai an sake ta.

Kwana 30 bayan allura a ɗebi jini a aika dakin gwajin da ƙasar da za ka ta yarda da shi, in sakamakon ya yi kyau sai ka jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Amurka kuma tun Agustan 2024 ba su karɓar kare sai ya kai wata 6, da fom ɗin CDC, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, kuma sun ƙara tsanantawa ga ƙasashe irin tamu.

Keji ya zama mai ƙwari, wanda karen zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta a sake, ka fara saba mishi da kwana ciki tun gida. Kar ka ba shi maganin barci, hatsari ne a sama. Kuma ka buga ma kamfanin jirgi da wuri, don kusan dole ta Abuja ko Legas za ka tashi.

Shigowa kuwa, ka samu famit daga hukumar dabbobi ta tarayya kafin a ɗoro shi, da takardar lafiya daga can, jami'an NAQS, hukumar da ke tantance dabbobi da tsirran da ake shigowa da su, za su duba a filin jirgi. Amma abin da ya fi damuna zafinmu ne. Na ga wani kare mai gashi buzu-buzu da anka kawo, watan Afrilu zafi ya haura 40, yana kwance gindin randa harshe waje yana haki, har tausayi ya kama ni. In dai Sakkwato zai zauna, ka nemi mai gajeren gashi, ka tanadar mishi inuwa da ruwa, kuma ka daidaita zuwansa da lokacin hunturu.