Yadda Baƙon Ma'aikaci Zai Kammala Lissafin Harajinsa Kafin Ya Bar Kano Gaba Ɗaya

Kano ta daɗe tana karɓar baƙin ma'aikata. Akwai injiniyoyi 'yan Indiya da 'yan Sin a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, akwai 'yan Labanon da ke riƙe da harkokin kamfanoni, akwai likitoci da malamai daga Masar da Sudan da Pakistan, ga kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Gana da Kamaru da ke aikin albashi. Idan lokacin komawa gida ya gabato, hankalin mutum yakan tafi wajen tikiti da ɗaurin kaya da sallama da abokan arziki, maganar haraji kuwa sai a bar ta baya, bisa tunanin cewa tun da ana cirewa daga albashi duk wata, babu sauran magana. To amma cire kuɗin daga albashi daban, kai shi asusun gwamnati da sunanka daban, kuma takardar da za ta shaida an kai ita ce abin da banki zai nema ranar da ka zo fitar da guminka zuwa ƙasarku. Wannan bayani na baƙon ne da kansa, da kuma akanta ko jami'in kula da ma'aikata da nauyin sallamarsa ya rataya a wuyansa.

Mataki na farko shi ne ka fara da wuri, aƙalla wata uku kafin ranar tashi, kuma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Harajin albashin wanda ke zaune a Kano na jiha ne, Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano, wato KIRS, ita ke karɓarsa. Ba a duba inda hedikwatar kamfani take, inda ma'aikaci ke zaune ake dubawa, don haka ko da daga Legas ake biyan albashinka, muddin a unguwar Nasarawa ko Sabon Gari kake kwana, Kano ce ke da hakkin harajin. Wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Najeriya cikin wata goma sha biyu, a idon doka mazaunin ƙasa ne ta fuskar haraji, kowane irin fasfo yake riƙe da shi. Ka kuma sani cewa lissafinka zai iya ratsa dokoki biyu. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji a ranar 26 ga Yuni, 2025, suka fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026, kuma da su ne hukumar haraji ta tarayya, wato FIRS, ta koma NRS. Shekarun da suka gabaci 2026 da tsohon ma'auni ake lissafinsu, wanda ya fara daga kashi 7 ya tsaya a kashi 24 cikin ɗari, abin da ya biyo baya kuwa da sabon ma'auni.

Daga nan sai tattara takardu, kuma a nan ne ya kamata ka fi ba da lokacinka. Ka haɗa takardar ɗaukarka aiki da duk wadda aka yi maka ƙarin albashi da ita, da takardun albashi na wata-wata na shekara uku da suka wuce har da watannin shekarar da kake ciki, da bayanan asusun bankin da albashin ke shiga, da lambar shaidarka ta haraji, da kwafin fasfo da katin izinin zama. Sannan ka je ofishin akanta ka nemi abu biyu: rasit ɗin biyan harajin PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi, na kowane wata, da jadawalin sunayen da aka haɗa da shi. Dalili shi ne kamfani yakan biya harajin ma'aikatansa duka a dunƙule, rasit guda na ɗauke da jimilla, jadawalin ne ke nuna kason kowa. Doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kai abin da ya cire zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, da kuma miƙa bayanin shekara na dukan ma'aikata zuwa ranar 31 ga Janairu. Ka zauna da biro, ka ajiye takardar albashin Maris a dama, jadawalin Maris a hagu, ka bi layin sunanka da yatsa har ka ga adadin ya yi daidai, sannan ka wuce Afrilu. Ka lura da rubutun suna sosai, domin sunan baƙo ya fi kowane suna shan wahala a hannun mai bugawa: a fasfo an rubuta shi da harafi biyu, a jadawali da ɗaya, ko an sa sunan uba a gurbin sunan yanka, sai na'urar hukuma ta ɗauke ka mutum biyu, ɗaya ya biya rabin shekara, ɗayan kuma ya biya sauran. Gyaran wannan kana gari aikin wasiƙa ɗaya ne daga kamfani, amma bayan ka tafi yakan zama jeka-ka-dawo na watanni a wuyan wanda ka bari. Idan ka tarar da watan da aka cire ba a kai ba, bashin da tararsa suna kan kamfani, amma takardarka ce za ta maƙale, saboda haka ka matsa a biya tun kana nan, kuma ka yi buƙatar a rubuce.

Akwai wata magana da ba a cika son taɓawa ba, kuma a ganina ita ce ta fi jawo wa baƙi matsala. Da yawa daga cikinsu albashinsu kashi biyu ne: naira da ake biya a nan don cefane da hidimar yau da kullum, da dala ko wani kuɗin waje da ake zuba wa a asusunsu na gida. Ƙa'ida ita ce aikin da aka yi a Najeriya harajinsa na Najeriya ne, ko a ina aka biya ladan. Haka nan gidan da kamfani ya ba ka kyauta da motar da ya ajiye maka duk amfani ne da ake ƙiyasta darajarsa a haɗa da albashi, ita mota ana ɗaukar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayenta a kowace shekara. Jami'in haraji ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Idan ya ga babban injiniya da ya baro ƙasarsa da iyalinsa an rubuta masa albashin da bai kai na mataimakinsa ɗan gida ba, yana da ikon ya ajiye takardar gefe ya ƙiyasta abin da ya dace da irin wannan muƙami, kuma ƙiyasin hukuma ba kasafai yake yi wa mutum sauƙi ba. Shawarata ita ce a bayyana gaskiyar albashin, a lissafa gibin, a daidaita da kamfani a kan wanda zai biya bisa abin da yarjejeniyar aiki ta ce, domin wasu yarjejeniyoyin sun ɗora harajin kacokan a kan mai ɗaukar aiki.

Mataki na gaba shi ne lissafin kuɗin sallama da na shekarar tafiya. Ka nemi a rarrabe maka biyan ƙarshe filla-filla, kada a ba ka jimilla kawai: albashin watan ƙarshe nawa, kuɗin hutun da ba ka tafi ba nawa, kyautar ƙwazo nawa, diyya nawa. Albashi da kuɗin hutu da kyautar ƙwazo haraji na hawa kansu, diyyar rasa aiki kuwa sabuwar doka ta yafe mata haraji har zuwa naira miliyan 50, inda a da miliyan 10 ne.

Wanda ya bar aiki a tsakiyar shekara ya kamata ya sake lissafi, domin cirewar wata-wata an gina ta ne a kan zaton za a yi aiki har Disamba. A sabon ma'auni, naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ɗauka albashin mutum naira miliyan 1 ne a wata, ba tare da an cire masa wani rangwame ba. Harajin miliyan 12 na shekara zai zama naira 1,950,000, wato 162,500 a wata. Idan ya ajiye aiki a ƙarshen Yuni, an riga an cire masa 975,000, alhali harajin miliyan 6 da ya samu 870,000 ne, in dai ba shi da wani kuɗin shiga da haraji ya hau kansa a shekarar. Ka ga akwai rarar naira 105,000 da yake da damar nema. Hanya mafi sauƙi ita ce akanta ya daidaita lissafin a albashin ƙarshe kafin a kai kuɗin, domin karɓo abin da ya riga ya shiga asusun gwamnati yana buƙatar haƙuri da bibiya. Wanda ke biyan haya da aljihunsa ya ajiye rasit, domin akwai rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000.

Idan lissafi ya zauna, sai ka miƙa bayanin kuɗin shigarka ga KIRS, ka haɗa da wasiƙar kamfani mai nuna ranar ajiye aiki da cewa tafiyar ta dindindin ce. Wa'adin miƙa bayanin shekara ga ɗaiɗaikun mutane shi ne 31 ga Maris, kuma sabuwar doka ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na jinkiri da 50,000 a kowane wata bayansa, don haka idan akwai shekarar da ba ka miƙa ba, ka rufe ta yanzu. Daga nan ne za ka nemi takardar shaidar biyan haraji. Ita wannan takarda shekara uku da suka gabaci wadda ake ciki take nunawa, ma'ana watannin shekarar tafiyarka ba za su fito a kanta ba. Saboda haka ka riƙe rasit da jadawalin waɗannan watanni daban, kuma ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafin duk wasiƙar da ka kai. Idan hukuma ta yanka maka harajin da ba ka gamsu da shi ba, kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta zo hannunka ka rubuta ƙin amincewa tare da hujjojinka, in kuma ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma da ke zama a Kaduna. Kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi da sunan zai hanzarta maka. Ka biya ta banki ko ta intanet zuwa asusun gwamnati, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunanka.

Sai banki da fansho, kuma tsarin jerin yana da muhimmanci: a gama da su kafin a taɓa katin izinin zama. Ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya sun ba baƙon ma'aikaci damar aika albashinsa gida bayan an cire haraji, ta hannun bankinsa, inda zai cike Fom A, wato takardar neman kuɗin waje, ya haɗa da shaidar biyan haraji da fasfo da izinin zama mai rai. Wanda ya yi gaggawar mayar da katinsa sai ya tarar ya rufe wa kansa ƙofa. Idan ka shiga tsarin fansho na dokar 2014, wanda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ɗaukar aiki kashi 10, ka je wurin kamfanin da ke kula da asusunka da takardar ajiye aiki tun da wuri, ka kuma sani cewa gudummawar ganin dama da aka cire kafin ta cika shekara 5 ana cire haraji daga ribarta. Kada ka rufe asusun banki sai duk abin da kake jira ya shigo.

Bayan haka ne za a waiwayi Hukumar Shige da Fice. Mai katin CERPAC, wato katin izinin zama na baƙo, yana zaune ne a kan gurbin ɗaukar baƙi aiki da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba kamfani, kuma aikin kamfanin ne ya sanar da hukumar a rubuce cewa ya tafi, a cire sunansa daga gurbin. Wannan ya shafi haraji kai tsaye, domin masu binciken haraji sukan nemi rahoton baƙin ma'aikata da kamfani ke kai wa Shige da Fice su gwada da jadawalin albashi, kuma sunan da ya ci gaba da fitowa bayan mai shi ya tafi za a nemi harajinsa. Ka karɓi kwafin wasiƙar ka tafi da shi.

Tafiya ba ta yanke alaƙa idan ka bar dukiya mai kawo kuɗi. Hayar gida ko shago da ribar hannun jari a kamfanin Najeriya suna nan ƙarƙashin harajin ƙasar, ana cire kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe. Ka naɗa wakili amintacce da takardar wakilci da lauya ya rubuta, wadda ta fayyace abin da zai iya sa wa hannu da abin da ba zai iya ba. Ka kuma ajiye takardun nan duka, na hannu da hotonsu a waya ko kwamfuta, har shekara 6, domin iyakar da hukuma kan iya komawa baya da bincike ke nan idan babu zargin zamba. Za su yi maka amfani a gida ma: Najeriya na da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashe irin su Ingila, Faransa, Kanada, Sin, Pakistan da Afirka ta Kudu, kuma da rasit ɗin Kano ne za ka nemi a rage maka a can. Indiya da Labanon ba sa cikin wannan jeri, don haka 'yan waɗannan ƙasashe su tuntuɓi masanin harajin ƙasarsu kan rangwamen da dokar gida ta tanada.

Ranar tashi, idan tsabar kuɗin da ke jikinka ta haura dala 10,000 ko kwatankwacinta, wajibi ne ka bayyana wa jami'an Kwastam a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, haka ma idan ta ƙasa za ka fita ta Jibiya ko Maigatari. Ka cike fom ɗin kafin a tambaye ka, kuma takardar shaidar biyan haraji da takardar cire kuɗin daga banki su kasance a jakar hannunka, ba cikin akwatin da aka auna ba.