Ka kama sana'a ɗaya tukuna kafin ka ƙara wata

Ɗan'uwa in gyaran waya za ka koya, kar ka shiga Farm Center, kasuwar waya ta Kano, kana son iya komai rana ɗaya, wallahi taura biyu ba ta taunuwa. Zauna gun oga ɗaya, fara da canza sikirin da bakin caji, sai hannunka ya daina rawa wajen soda (liƙi da dalma), sannan ka koyi auna fanel (allon cikin waya) da mitar gwada wuta har ka gano inda wuta take zurarewa, nan fa kuɗin yake kuma nan yara suke gajiya su gudu. In kwastoma sun fara nemanka da sunanka to ƙara filashin (sake ɗora wa waya manhaja) da gyaran kwamfuta, tunda kayan aikin kusan ɗaya ne. In kuma kana son haɗawa da sana'ar POS, bari ƙaninka ya zauna maka.